KADA A RUFE ƊAKIN DUHU

Na san da yawanku ci gaban labarinmu kuke jira a wannan mako, musamman masu matsa mini da tambayar ko auren nan zai ɗauru ko ba zai ɗauru ba. Ku yi mini afuwa, yau na ajiye alƙalamin ƙirƙira a gefe. Akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun ƙaramar sallah, in ban amayar da ita ba ba na jin zan iya rubuta ko layi ɗaya na soyayya.

Ni 'yar Gafasa ce ta ƙaramar hukumar Ajingi, a ƙasar Gaya. In ka baro Kano ka haye gadar Wudil ka miƙa Gaya, daga nan ne za ka nufi wajenmu. Aure ne ya kawo ni birni, amma yayana yana can, noma yake yi, ranar kasuwa kuma ya taɓa awon hatsi. 'Yarsa ta biyu sunan mahaifiyarmu ta ci, Allah Ya jiƙanta, shi ya sa babu mai iya kama sunan a gidanmu, Ummi muke ce mata. Da ta gama sakandare ta samu gurbi a wata kwaleji a nan Kano tana karanta fannin zane, a wajena take zaune. To a cikin darussan da aka ɗora musu a zango na biyu akwai ɗaukar hoto, kuma rabin darasin a ɗakin wankin hoto ake yin sa, wanda suke kira ɗakin duhu.

Wata ranar Talata bayan isha'i sai ga wayar Yaya. Ko gaisawa ba mu gama yi ba ya ce, "Ke, me nake ji haka? An ce wai wani ɗaki ake shigar da su a kulle ƙofa a kashe fitila, maza da mata? Karatun da na turo ta ke nan?" Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri in bincika." Ya ce ba wani bincike, in dai haka ne da an yi hutu ta tattaro kayanta ta dawo gida, masu nemanta da aure ba su ƙare ba.

Wallahi ban ga laifinsa ba. Duk uban da aka ce masa 'yarsa budurwa tana shiga ɗaki mai duhu a makaranta, in bai ji gabansa ya faɗi ba to da sauransa. Ni ma da na ajiye wayar sai da na tsare Ummi da tambayoyi har ta yi ƙwalla. Washegari na yafa mayafina na bi ta makarantar, na ce gani ya kori ji.

Abin da na tarar ɗan ƙaramin ɗaki ne wanda bai fi kicin ɗina ba, an toshe tagarsa, an yi masa ƙofa biyu a jere da baƙin labule don kada haske ya kutsa. Malamin ya raba ɗaliban rukuni-rukuni, 'yan matan su huɗu ne, su kaɗai suke shiga a ranarsu. Duhun ma ba baƙi ƙirin ba ne a mafi yawan lokaci, akwai wata jar fitila mai rauni da ba ta cutar da takardar hoto. A kan teburi ga tasoshi uku a jere da ruwan sinadari, ga famfo, ga kuma wata na'ura mai dogon wuya kamar majigin da aka kifa kansa ƙasa. Ita ce ke haska fim ɗin da aka wanke a kan farar takarda, ta faɗaɗa shi gwargwadon yadda ake so. Ɗakin yana wari mai tsami-tsami da ke kama tufafi, sai a ranar na gane abin da ya sa hijabin Ummi yake wannan warin duk ranar Laraba, ni ina ta yi mata faɗan ƙazanta.

A gabana ta haska takarda na 'yan daƙiƙu, na duba takardar fara fat, ba komai a jikinta. Ta tsoma ta a tasa ta farko tana ɗan girgiza tasar a hankali. Jama'a, kafin minti ɗaya sai ga inuwa-inuwa tana tasowa, sai ga ido, sai ga goshi, sai ga fuskar wani dattijo mai sayar da goro ta cika takardar yana kallona. Ban san lokacin da na yi salati ba. Shekarata fiye da arba'in a duniya, an ɗauke ni hoto ba adadi, na sa hotuna a bangon littattafaina, amma ban taɓa tambayar kaina yadda ake yi hoto ya hau takarda ba.

Ga yadda ta yi mini bayani, ni ma in ba ku kamar yadda na fahimta. Fim da takardar hoto duk an shafe su da wani sinadari mai ɗauke da azurfa, wanda haske ke taɓawa ya bar alama a ɓoye. Ruwan tasa ta farko shi ke fito da wannan alama, duk inda haske ya taɓa ya koma baƙi. Ruwa na biyu, mai tsamin nan, shi ke tsayar da aikin na farko don kada hoton ya ci gaba da duhu. Na uku kuma ya wanke ragowar azurfar da haske bai taɓa ba, daga nan hoton ya kafu, ko an fita da shi rana ba abin da zai same shi. Sai a ɗauraye shi sosai da ruwa mai gudu a shanya. Ta ce in aka yi ha'incin ruwa na uku, ko aka yi gaggawar ɗauraya, hoton zai yi kyau a ranar, amma bayan shekaru sai ya soma yin ɗorawa-ɗorawa yana kwaɗewa. Nan take na tuna da hotunanmu na sakandare da ke cikin albam ɗina, wasu har yau garau, wasu kuwa sun zama kamar an jiƙa su da ruwan shayi. Ashe tun a ranar wankin aka cuce mu, sai bayan shekara ashirin da wani abu asirin mai hoton ya tonu.

To maganar maza da mata dai ta kau, kuma shawarata ga duk makarantar da ke da irin wannan ɗaki ita ce ta mai da wannan tsari doka a rubuce, ta kuma sanar da iyaye tun ranar ɗaukar ɗalibai, don kada a bar su da jita-jitar 'yan gari. Amma da na kira Yaya na gaya masa abin da na gani, sai ya sauya hujja, kuma hujjarsa ta biyu ta fi ta farko nauyi. Cewa ya yi, "To naji. Amma wa ke wankin hoto a zamanin nan? Yaron da ke cajin waya a bakin kasuwarmu ma hoto yake ɗauka ya fitar maka a take. Kuɗin da ake kashewa a fim ɗin nan ai gara a sayi taki."

Gaskiya ce tsagwaronta. Fim ya yi tsada kuma ya yi wuyar samu, kuɗin naɗi ɗaya ya ishi gidana cefanen kwana biyu, sinadaran ma sai an yi odarsu daga nesa. Kamfanin Kodak na Amurka, wanda sunansa ya zama kamar sunan hoto a duniya, a shekarar 2012 sai da ya je kotu ya ce ya kasa biyan basussukansa, alhali kuwa injiniyansa ne, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975. Ɗan da suka haifa shi ya ci kasuwarsu. Kamfanin ya farfaɗo daga baya, har yanzu yana yin fim, haka ma Ilford na Ingila masu fim da takardar hoto baƙi da fari, amma babu mai hankalin da zai ce wa yarinya ta je Gaya ta buɗe shagon wankin fim ta ci abinci da shi. Ban taɓa faɗin haka ba, ba kuma zan faɗa ba.

Abin da nake cewa daban ne. Alƙur'ani bugagge ya cika kasuwa, yana cikin kowace waya, amma har gobe malamin tsangaya allo yake miƙa wa yaro da tawada da alƙalamin kara. Ya san abin da hannu ya rubuta ya wanke ya sake rubutawa ba ya fita daga ka da wuri. Naɗin fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, ba ƙari, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai ka wanke. Ummi ta ce mini, "Gwaggo, da waya sai in ɗauki hoto hamsin in zaɓi ɗaya. Ranar da aka ba ni kyamarar fim sai da na yi kusan rabin awa a tsaye gaban mai goron nan ban danna ba, ina jiran rana ta ɗan karkata daga fuskarsa." Yarinyar da a gida ba ta iya jiran ruwan shayi ya tafasa!

Kuma ta sha wuya kafin ta kai ga mai goron. Shi fim, saɓanin takarda, ko jar fitilar ba ya jurewa, dole a cikin duhu baƙi ƙirin za a ciro shi a naɗa shi a wani abu mai kama da abin naɗe zare, a sa a gwangwani a rufe, duk da lalube. Sati guda ta yi tana gwadawa a ɗakina da wani lalataccen fim, ido a rufe, ƙannenta suna yi mata dariya. Duk da haka na farkon da ta wanke ya manne da juna, rabinsa ya tafi a banza. Na biyu kuma zafin Kano ne ya ci shi. Ruwan wankin ana son sa a kan digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu ma'auni yana haura 40, ruwan famfo kamar an ɗora shi a wuta. In ruwan ya yi ɗumi aikinsa sauri yake yi, hoton ya fito da duhu da tsakuwa-tsakuwa. Sai suka koma haɗa kuɗi suna sayen ƙanƙara a bakin makaranta, suna tsoma ma'aunin zafi suna jira. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, ƙwaya ɗaya ta sauka a kan fim yana shanye, in an faɗaɗa sai ta zama farin tabo a kumatun mutum. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar haska takarda. Wanda ya koyi sana'a a cikin wannan hali, in aka miƙa masa kyamarar zamani, ya san dalilin kowane maɓalli da ke jikinta.

Yanzu bari in zo inda maganar ta taɓa ni ni kaina, don a nan ne na ji kunya.

A ɓangaren situdiyo ana koya musu sarrafa fitilu: babbar fitila a gefe guda, ƙarama a ɗaya gefen don ta rage inuwa, wata a baya don ta raba mutum da labule, da irin lemar nan da ke tausasa haske. Aikin da aka ba su shi ne kowa ya ɗauki fuskar ɗan ajinsu. Ummi ta zaɓi wata ƙawarta baƙa sosai, irin baƙin nan mai sheƙi, ta zo sanye da farin hijabi. Hoton farko da ta wanke hijabin ya fito tas, har ana ganin zaren ɗinkin, fuskar kuwa ta zama dunƙulen duhu, sai fararen idanu. Ƙawar ta kalla ta ce ai daman ita ba ta kyau a hoto, tun tana yarinya haka take fitowa. Malamin ya ce a'a, laifin mai ɗauka ne. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara tsaka-tsaki yake nema, in ya ga fari ya yi yawa sai ya rage hasken gaba ɗaya, baƙar fuska ta nutse. Mai hoton da ya san aikinsa fuskar zai auna, ya ƙara mata haske, sannan a ɗakin duhu ya sa tafin hannunsa ya kare wani sashe na takardar, ya ƙara wa wani sashen lokaci, har fuska da hijabi kowa ya samu haƙƙinsa. Ya kuma ba su tarihin da ban taɓa ji ba: shekaru da yawa masu wankin hoto mai kala suna daidaita injinansu ne da wani kati na Kodak mai hoton wata Baturiya, ana kiran sa katin Shirley, wato farar fata ce ma'auni, kowa kuma sai ya bi bayanta. Sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban.

Ummi ta sake ɗauka, ta kawo babban tiren silba daga kicin ɗina ta sa wata ta riƙe a ƙasan haɓar yarinyar yana mayar mata da haske. Na ga hoton da idona. Yarinyar nan baƙa ce kamar yadda Allah Ya yi ta, ba a ƙara mata fari ko ɗigo ba, amma kana ganin tudun kumatunta da ɗan tsagen da ke gefen idonta da laushin fatar. Wai da ta karɓa sai ta zauna ta yi shiru, can ta ce a ba ta ta kai wa babarta.

Ni kuwa da na dawo gida sai na jawo kwalin littattafaina na baje a gado. Duk taurarin da na ƙirƙira tun ina budurwa, kowace "fara ce sol, doguwa, mai dogon hanci da gashi har gadon baya". Baƙa in ta shigo labarina, ko 'yar aiki ce ko muguwar kishiya. Bangon littattafan kuma, a farko hoton 'yan mata ake ɗaukowa daga situdiyo, da kwamfuta ta zo sai aka koma ɗauko fuskokin 'yan fim ɗin Indiya, in ma 'yar gida ce a wanke ta da kwamfuta har ta fi madara. In na yi ƙorafi mai shagon littafi ya ce abin da ke tafiya ke nan. Yau ga wayoyi sun ɗora daga inda muka tsaya, yarinya ta danna abu ɗaya ta koma Balarabiya, saurayi ya zo zance ya kasa gane ta. Muna zagin masu shafa man bilicin, to mu marubuta da masu hoto da ba su koyi aikinsu ba, wa ya kai mu shafa wa 'ya'yan mutane bilicin a zuci? Ɗan ɗakin nan mai warin tsami ya koya wa 'yata abin da ni ban koya ba a shekara ashirin ina rubutu.

Sai maganar cin abinci, tunda ita ce damuwar Yaya. Ku dubi bukukuwanmu. Ranar kamu, ranar sa lalle, ranar wuni, taron mata ne zalla, an yi kwalliya an saki jiki, amma wa ke yawo a tsakiya da kyamara? Ƙato. Ya shiga har ƙuryar ɗakin amarya, ya ce ta gyara mayafi ta karkato, bayan kwana biyu ka ga matan aure a Facebook da TikTok ba da saninsu ba. Magidanta da yawa sun hana hoto a gidajensu saboda wannan, kuma suna da gaskiya. A ƙauye irin namu mace na buƙatar ɗan fasfo don buɗe asusun banki ko cike takardar makarantar 'ya'ya, sai an yi shawara da maigida, a nemi abin hawa zuwa Ajingi ko Gaya, ta zauna gaban namiji ya ce ɗago kai. Mace ɗaya mai kyamara da ta san aikinta, mai amana, ta ishi garuruwa biyar, kuma ba ta rasa abin sawa a tukunya. Wannan kasuwa ce a buɗe, mu ne muka ƙi tura 'ya'yanmu.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, ya buɗe situdiyonsa a 1948. Labulensa na farko zanen gadonsa ne. Yana ajiye rediyo da agogo da babur don wanda ba shi da su ya ara ya ɗauki hoto, kamar dai yadda namu na Sabon Gari suke ajiye tarho da furen roba da labule mai zanen jirgin sama. Abin da ya bambanta shi da namu, bai zubar da fina-finan da ya wanke ba, ya adana su dubbai. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da an san sunan mai su ba, aka bi sawu har aka gano shi, kafin ya rasu a 2001 duniya ta san shi. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé a 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta bikin baje kolin fasaha na Venice a Italiya. A nan Nijeriya J.D. 'Okhai Ojeikere tun daga 1968 ya bi mata yana ɗaukar kitsonsu, ya tara hoto wajen dubu. Ni doka kawai nake so in nuna wa 'ya'yana, irin wadda kakarmu take yi, na rasa hoto ko ɗaya a danginmu. Na taɓa tambayar wani tsohon mai hoto da ya yi mana aiki muna makaranta ina fina-finansa, ya ce da zai tashi daga shagon buhu uku ya bayar aka ƙona, gara ta cinye sauran. Fuskokin 'yan matan makarantu na shekara goma sha, amare, alhazai, duk sun tafi a hayaƙi.

Mu marubuta ma ba mu tsira ba. Sai da wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Glenna Gordon, ta zo Kano ta shiga gidajen 'yan uwana marubuta mata, ta fitar da littafin hotunansu mai suna Diagram of the Heart a 2016. Madalla da ita, amma ina 'yarmu da za ta yi wannan, wadda ba ta buƙatar tafinta? Mu mutanen Gaya muna alfahari da labarin da ake bayarwa cewa maƙerin nan Kano daga garinmu ya tashi ya je Dala neman tama, har birnin ya ci sunansa. Labarin ɗaruruwan shekaru mun riƙe shi a ka, amma kamannin kakana da ya rasu ina 'yar firamare sun soma ɓace mini.

Kada wani ya ce mini ai yanzu komai yana cikin waya. An ƙwace mini waya a cikin adaidaita sahu shekara uku da suka wuce, hotunan sunan autana da na walimar saukar yayarsa duk suka bi ɓarawo. Littattafaina biyu na farko ma haka na rasa su, mai ɗab'in ya zubar da faranti, faifan kwamfutar da aka buga su a ciki ya ƙi buɗewa, sai a hannun wata mai karatu na samo kwafi ɗaya da ya sha hannu. Takarda dai ita ta cece ni.

Da ƙaramar sallah muka tafi gida ni da Ummi. Na so in zauna da Yaya in zazzage masa duk waɗannan hujjoji, amma kun san yaya da ƙanwa, ina farawa ya ce in bar masa surutun marubuta. Ummi ce ta yi abin da ban yi tsammani ba. Washegarin sallah da hantsi, rana ta take sosai, ta shiga tsohon ɗakin mahaifiyarmu ta toshe tagar da kwali, ta rufe duk wata kafa da tsumma, ta huda kwalin huda ɗaya kamar faɗin ƙwayar gyaɗa, ta rataya farin zane a bangon da ke fuskantar tagar. Ta je ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah ka zo ka ga ɗakin duhun." Ya shigo yana gunaguni, aka ja ƙofa. Da farko ba ma ganin komai. Can da idanunmu suka saba sai ga tsakar gida a jikin zanen, da kalarta, amma a kife: darbejiya saiwarta a sama, rumbu a juye, ga akuya tana tafiya ƙafafu a sama. Yaya ya ja da baya ya ce a'uzubillahi. Ummi ta ce masa ba tsafi ba ne, haske ne ke tafiya a miƙe, na sama ya bi ta hudar ya sauka ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Ta ce wani malami Musulmi haifaffen Basra, Alhasan ɗan Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen shekarar 1040, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitabul Manazir, ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su gano yadda za a kafe hoton. Ita kalmar kyamara ma asalinta daga Latin ne, ma'anarta ɗaki. Yaya ya daɗe a tsaye. Sai ya leƙa waje ya ƙwala wa uwargidansa kira ya ce ta zo ta wuce ta gaban tagar, yana so ya gan ta a kife.

Daga nan ta ciro ambulan ta miƙa masa. Mahaifiyarmu hoto ɗaya ta taɓa yarda aka ɗauke ta a rayuwarta, ɗan fasfo na tafiya Makka, don a zamaninsu tsofaffi da yawa suna ƙyamar hoto. Yana wajena, ya yi ɗorawa, gefensa ya cinye. Ashe Ummi ta ɗauke shi a ɓoye ta sake ɗaukarsa da fim, ta faɗaɗa shi ya kai faɗin littafin rubutu, ta yi ta gwaji har takarda shida kafin tsagen fuskar ya fito. Yaya ya kai shi bakin ƙofa wajen haske ya duba, bai ce komai ba, ya sa a aljihun gaban rigarsa ya fita masallaci tun ba a kira azahar ba.

Ban ce ya sauko gaba ɗaya ba. Da za mu taho cewa ya yi ta ƙarasa shekarar a gani, kuma shi ba zai ba da ko kwabo na fim ba, tunda ni na ɗaure mata gindi in biya. Na ce na ji na ɗauka.

Abin da ya sa na rubuta wannan, muna dawowa Ummi ta zo mini da labarin cewa ana shawarar kwashe kayan ɗakin a mai da shi ɗakin kwamfuta, wai ba a samun kuɗin sinadari kuma zamani ya wuce shi. Ina roƙon shugabannin makarantunmu da ke da irin wannan ɗaki, na Kano da Zariya da Kaduna da ko'ina, ku sayi kwamfutocinku, muna so, amma ku nema musu wani ɗakin. Wannan bai fi kicin ba, kuma in aka sayar da na'urar nan a matsayin gwangwan ba mai sake sayo ta. Zango ɗaya tak a ciki ya ishi ɗalibi. Ku kuma 'yan uwana marubuta da masu buga littafi, in za mu yi bango mu nemi irin waɗannan yara mu biya su su ɗauki fuskokinmu na gaskiya. Ni dai littafina mai fitowa baƙar yarinya ce tauraruwarsa, mai shagon ya ce ba zai tafi ba, na ce a buga a gani.

Na sayo wa Ummi naɗin fim biyu, suna cikin firjina kusa da kayan miya don ta ce zafi na lalata su. Niyyarta in an yi hutun kaka ta koma Gafasa ta bi tsofaffin matan unguwarmu gida-gida, waɗanda suka yarda, ta ɗauke su da tsagensu da kitsonsu da kayan aikinsu. Ta rubuta mutum bakwai a bayan littafinta. Shekaranjiya aka bugo mana waya ɗaya daga ciki ta rasu, ƙawar mahaifiyarmu ce, mai yin daddawa. Allah Ya gafarta mata. Jibi za mu tafi gaisuwa, Ummi ta ce ba za ta jira kaka ba, da kyamarar za ta tafi.

Ci gaban labarinmu sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.